Na Je Indiya Kallon Baƙin Rami da Bakina a Ɗaure

Tun ran da na dawo daga Indiya ban sake shan shayi da zafinsa ba. Da na zauna wajen mai shayin bakin tashar Funtua, kafin in kai kofi baki an yi mini zobe. Wannan ya ce, "Malam Ishaya, da gaske ne can in saurayi ya ga budurwa sai su ruga bayan itace su kama waƙa?" Wancan ya ce, "Ramin da aka ce ka je gani, ka leƙa ciki?" Alhaji Garba mai taya, wanda in ka cire Makka iyakar tafiyarsa Bakori, shi ne ma ke gyara mini labarin. To na gaji. Ga shi na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in sha shayina.

Amsa biyu tun da wuri. Mako uku na yi ban ga mai waƙa a bayan itace ba, abin da na ga ana yi a bayan itace irin wanda muke yi ne a nan. Rami kuma ban gan shi ba. Duk wanda ya ce muku ya taɓa ganinsa ya fi ni ƙarya, kun kuwa san ba kasafai ake samun wanda ya fi ni ba.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Yayata Saratu da ke garinmu Dayi, a ƙasar Malumfashi, tana da ɗan fari, Bitrus. Tun yana sakandare wani malaminsa Ba'indiye mai koyar da kimiyya ya lura kan yaron na ja, ya yi ta rubuce-rubuce har aka ɗauke shi karatu a ƙasarsu. Da muka ji kimiyya muka ce shi ke nan, dangi ya yi likita, in ma abin ya lalace mai gyaran tarakta. Shekara shida sai ga wasiƙa, wai yana nazarin taurarin da suka mutu. Duk taurarin da Allah ya zuba a sama masu rai da lafiya, namu ɗan gawa ya zaɓa.

Bara idon Yaya ya fara tsukewa. Ba duhu ne gaba ɗaya ba, gefe-gefe ke tafiya kamar ana jan bakin jaka, sai ɗan tsakiya ya rage. Na kai ta asibitin ido. Likita ya ja ni gefe ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage kuma in ya kai kaka mai zuwa a gode wa Allah.

Kun san Yaya, kun kuma san kunyar ɗan fari. Tun da ta haifi yaron nan ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" ne, ran da ta ji daɗi "yaron nan". Ko a coci in fasto ya ambaci manzon nan mai sunansa sai tari ya kama ta. Shi ma bai taɓa ce mata Inna ba, Yaya yake ce mata yadda ya taso ya ji muna faɗa. Da aka rufe kasuwar auduga na rataye sikelina, sai ta aika aka kira ni. Ashe ta sayar da bijiminta don kuɗin jirgi.

"Ishaya, so nake ka je ka gano mini yadda ƙasar nan take."

"Ƙasar, Yaya, ko wanda ke cikinta?"

"Ka ji bakin naka ko? Shi ya sa na ajiye wannan." Ta jawo Littafi Mai Tsarki daga ƙarƙashin matashi. "Ɗora hannu. Ba za ka ce masa komai a kan idona ba. Ba da baki ba, ba da takarda ba, ba da habaici ba. Karatu ya je. Ba ni zan zama sanadin da zai baro shi ba."

Ita ta goye ni, ta san duk ƙofofin da nake fita, ta toshe su ɗaya bayan ɗaya. Na dafa na rantse. Amma a raina na ce, in Allah ya yarda sai na dawo da yaron nan uwarsa ta gan shi kafin idon ya rufe, kuma ba tare da na ci rantsuwa ba. Ni da na taɓa sayar wa Bafulatana nono, ɗan boko zai gagare ni?

Fasfo a Kaduna, allurar shawara a hannu, sai kaya. Daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, kantun riɗi da Yaya ta yi da hannunta, ga kilishi ƙunshi guda a takardar siminti, gudummawar Alhaji Garba. Matan zumuntar coci suka rako ni bakin titin Dayi da waƙa kamar wanda za a binne. Muka bi ta Gwarzo zuwa Kano, jirgi ya kai mu Legas, daga nan muka hau wani wanda ya yi ta tafiya har na fara zargin direban ya ɓata yana jin kunyar tambaya. Kusa da ni wani Ba'indiye ne mai kantin yadi a Kano, Hausa a bakinsa har da "wallahi tallahi". Hira ta yi daɗi, na kwance ƙunshi na yago kilishi na miƙa masa. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce zai zaga. Har muka sauka bai dawo kujerarsa ba. Na ce a raina, Kano ta koya masa Hausa ba ta koya masa cin arziki ba.

A Bombay ma'aikacin kwastan ya sa na buɗe jaka. Da ya ɗaga murfin kwanon daddawa sai ya ja da baya taku uku, ya kira mutum biyu su zo su taya shi. Ɗaya ya tambaye ni da Turanci mene ne wannan, kuma yaushe ya mutu. Na yi bayani da Turancin mishan da na hannu har suka yarda miya ake yi da ita, suka tausaya mini suka bar ni da abuna. Sai aka zo kan takardar siminti.

"Naman me?"

Na gyara tsayuwa. "Saniya, ranka ya daɗe. Lamba ɗaya, ba gauraye." Don in nuna masa mu mutanen kirki ne, na yago masa babban yanki.

Ban taɓa jin ɗaki mai mutum ɗari ya yi tsit haka ba. Ya sa yatsa biyu ya ɗauke ƙunshin gaba ɗaya, ya shige da shi wata ƙofa. Shi ya fito, kilishi bai fito ba. Sai da na fita titi na gane aika-aikar da na yi. Shanu ne kwance tsakiyar kwalta suna tuƙa, motoci na kauce musu kamar hakimai. Saniyar da a Funtua ba za ta ga la'asar ba, can fure ake rataya mata a wuya. Wato na shiga gidan mutum na miƙa masa gwaggonsa a shanye, an barbaɗe ta da yaji. Alhaji Garba, na gode, Allah ya saka.

Bitrus ya rubuto tun da farko cewa aiki ba zai bar shi ya taro ni ba, in hau jirgin ƙasa zuwa Haidarabad. A tasha na shiga wani tarago na tambayi wani mutum ko wannan ne. Ya karkaɗa kai hagu da dama. Na sauko da kayana. Na tambayi wani, shi ma ya karkaɗa. Sau uku ina shiga ina fita daga jirgi ɗaya, har wani tsoho mai farar hula ya yi mini sallama irin tamu, ya kama bakin rigata ya jawo ni ciki ya zaunar. Ashe su in sun karkaɗa kai "i" ke nan. Daga baya na gano "a'a" ma haka ne, da "ban sani ba", da "Allah ya sawwaƙe". Tsohon nan ya ciyar da ni daga kwanonsa har muka isa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, ga ni Kirista, amma kowace magana sai na ce in sha Allahu. Na ce masa Baba, a Dayi ba a raba mana Allah ba, layin coci da na masallaci kawai aka raba.

Na iske Bitrus a tasha. Ya rame kamar sillen kara, ga gemu, ga tabarau, kuma da na ce "Kai ne?" sai ya karkaɗa mini kai. Amma ya durƙusa har ƙasa cikin taron nan, na ce to da sauransa.

"Kawu, sannu da hanya. Mutanen gida fa?"

"Kowa lafiya, kowa na gaishe ka."

Daga nan na buɗe famfon surutu.

Yana haya a saman benen wata tsohuwa da mijinta ya rasu. A gidan nan ba nama, ba ƙwai, ko albasa sai a ɓoye kamar taba. Ran da muka kaɗa miyar kuka da daddawa, tsohuwar ta hau bene da turaren tsinke a hannu biyu tana karatu, ta zaci wani abu ya same mu. Sauran kwanaki a gidan abinci muke ci. Shinkafa ce a kan ganyen ayaba, da miya kala goma kowace cokali ɗaya, kamar ana rabon gado a gidan mai 'ya'ya da yawa. In an gama a jefa wa saniya farantin, ba wanke-wanke. Wannan dabara kada matanmu su ji ta. Yaji kuwa, da ina taƙama mu mutanen Malumfashi mun san barkono. Na ci, na yi kuka, na tuna zunubaina tun daga na firamare.

Bayan kwana biyu ya kai ni wajen aikinsu. Ina zaton zan ga madubin hangen nesa mai tsawon giginya a kan dutse. Sai ga rumfar kwano kamar sito na auduga, wayoyi ko'ina, manyan mutane cikin silifa sun kewaye wani akwatin ƙarfe mai girman duro suna lallashinsa.

"Ina madubin?"

"Babu, Kawu."

"To da me kuke ganin abin?"

"Ba a ganinsa."

"Bitrus, shekara shida."

Ya yi dariya ya jawo mini kujera. "Kawu, tauraro wuta ne. Rana ma tauraro ce, kusa da mu kawai take. Abu biyu ke kokawa a cikinsa. Nauyinsa na danne shi ciki, zafin wutarsa na tura shi waje. Muddin da makamashi, canjaras ake yi. Ran da makamashi ya ƙare, ƙaramin tauraro sai ya lafa ya huce kamar garwashi. Amma ƙato, wanda ya ninka rana sau da yawa, ba abin da zai tare nauyinsa. Sai cikinsa ya rufta, ya yi ta matsewa."

"Kamar injin matse auduga a gidan gurza," na ce, don kada a raina ni. "Tuli guda ya koma dila."

"Yawwa. To a ce injin bai san tsayawa ba. Duniyar nan tamu, da Dayi da Funtua da Alhaji Garba da tayoyinsa, sai an matse ta ta dawo kamar ƙwayar gurjiya kafin ta zama irinsa. In abu ya matsu haka, jan da yake yi a kusa da shi ya fi ƙarfin komai. Akwai iyaka kewaye da shi, abin da ya ƙetare ta ba ya dawowa. Ko haske, wanda ba abin da ya kai shi gudu. Shi ya sa ake ce masa baƙin rami."

"Na san wurin," na ce. "Na ga ƙofarsa a Bombay, nan kilishina ya shiga. To yaushe zai zo ya haɗiye mu, in san ko in yi noma bana?"

"Yi nomanka. Ba farauta yake ba. Wanda ke nesa sai ya yi ta kewaya shi lafiya lau."

Na ce to abin da ba ya haske, a cikin sama mai duhu, ta yaya kuka san yana nan? Ko mafarki kuka yi? Ya ce ana kallon maƙwabci ne. Akwai wani ƙaton tauraro shuɗi da suka sa wa ido. Haskensa na nuna yana matsowa yana ja da baya, yana matsowa yana ja da baya, duk kwana biyar da ɗoriya ya zagayo, kamar mai bin kasuwa. To me yake zagayawa? An duba wurin, ba komai. Daga saurin zagayen nan ake lissafa nauyin abin da ke riƙe da shi, sai aka ga ya fi rana nauyi nesa ba kusa ba, ga shi ko ƙyalli ba ya yi.

Nan na ce dakata, awo aikina ne. Shekara ashirin ina kan sikeli ban taɓa auna buhun da ban gani ba.

"Kawu, in jaki ya shigo kasuwa bayansa ya lanƙwashe, sai ka kwance mangala kafin ka san kayan da nauyi?"

Na yi kamar ban ji ba. Ya ci gaba. Wai abin yana zuƙo iskar jikin shuɗin tauraron, tana tahowa siririya tana naɗewa kewaye da shi yadda zare ke barin auduga ya hau mazari. Garin juyawa sai ta yi zafin da ba a misaltawa, kafin ta ƙetare iyakar nan ta ɓace sai ta saki wani haske, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Ido ba ya ganinsa, iskar duniya kuma tana tare shi. Shi ya sa suke ɗaga duron nan can sama da iska ya ƙirgo musu.

"To kun tabbata ramin ne?"

"Muna kyautata zato sosai."

"Shekara shida kuna zato. Ni in na yi zato sau ɗaya a sikeli, manoman Maska a jikin sikelin za su ɗaure ni."

Ana haka shugabansu ya iso, wani Farfesa ɗan tsurut a kan keke, kamar mai tallan magani. Ya riƙe hannuna ya yi ta yabon Bitrus, har kaina ya fara kumbura kamar ni na haife shi. Sai ya ƙara da cewa sun samo masa gurbi, zai zauna da su wasu shekara uku, takarda na kan tebur, ƙarshen wata zai sa hannu. Shekara uku. Likita ya ce kaka.

Daga ranar na shiga aiki. Na ce masa makarantun jiharmu na kuka da rashin malaman kimiyya, har gwamna ba ya barci. Ya ce Allah ya ba shi barci. Na ce sa'anka Markus ya gina gida mai kwano ya sayi babur. Ya ce Allah ya tsare hanya. Na kwatanta masa tuwon dawa da miyar yakuwa da man shanu har ni kaina na haɗiyi miyau, shi ya ci gaba da lissafinsa. Na kwanta na ce ciwo ya kama ni, sai ya raka ni gida in mutu cikin dangi. Ya kawo wani mai magani ya ɗura mini wani abu mai ɗacin da ya warkar da ni tun kafin in haɗiye. Tsakanin wannan da wancan ina ta zuba labarin gida, safe da rana, don bege ya kama shi. Ba wanda ban taɓo ba a Dayi. Mutum ɗaya kawai nake kaucewa, don na san kaina, in na fara ba birki.

Ran da za a ɗaga duro muka fita da sassafe. Ba jirgi ba ne, ba roka ba, balan-balan ne. Leda ce mai kaurin ɓawon albasa, an shimfiɗa ta ta fi filin ƙwallo tsawo. Aka hura mata wata iska mara nauyi, ta miƙe tsaye a hankali kamar fatalwar da ta yi sabon wanki, ta fizgi duron ta yi sama har ta koma kamar ƙwayar gero. Kowa ya ruga rumfa. Wata na'ura na ta ƙit, ƙit, ƙit, wani alƙalami na karce doguwar takarda shi kaɗai. Can sai karcen ya yi tsalle. Manyan mutane masu digiri suka rungume juna, Farfesa ya cire tabarau yana share ido. Na leƙa takardar. Wallahi kazar Yaya in tana tono ta fi wannan iya rubutu. To masu tambaya, iyakar abin da na gani na baƙin rami ke nan.

Da rana ta take aka saki duron ya sauko da laima, wai duk inda iska ta ga dama. Muka cika jif muka bi shi. Mun sha ƙura, mun tambayi mutum ɗari, kowa ya karkaɗa mana kai. Wajen la'asar muka same shi a tsakiyar gonar auduga, ƙarshen tsinka. Mai gonar na zaune a kansa da sanda. An karanta masa takardar da ke jiki mai alkawarin tukuici, amma ya ce sai an fara maganar itacen audugar da aka karya masa. Matarsa kuwa tuni ta yanke igiyar laima ta ɗaure akuya da ita. Na ce alhamdu lillahi, na zo gida. Manomi ko a wata ka same shi manomi ne. Na ciri audugarsa na ja ta tsakanin yatsu, na ɗaga masa yatsa biyu, wato lamba biyu. Ba mu da yare ɗaya, amma na gane zagin kaf, irin wanda ake yi mini ne duk kaka.

Muka bar su Farfesa na ciniki, ni da Bitrus muka zauna gindin wata darbejiya. Ashe ma itacen nasu ne, mu aro muka yi. Ya ciro ragowar kantun riɗi daga aljihu bai ci ba, yana juya shi.

"Kawu, kwana goma sha biyu kana magana."

"To laifi ne?"

"Na ji labarin jakin Tanko. Na ji rikicin mawaƙan coci. Na ji wanda ya mutu da wanda ya kamata ya mutu. Amma na lura da tafiyarka. Kullum sai ka taso daga kasuwa, ka bi ta gidan fasto, ka zo daidai ƙofar gidanmu, sai ka ƙara gudu ka kewaye ka ɓullo ta bayan rijiya. Kai da ba ka iya wuce ƙofar Yaya ba ka shiga ka ci tuwo ba."

"Ai na ce maka kowa lafiya."

"Wannan gaisuwa ce, ba labari ba. Aikina ke nan, Kawu. In na ga ƙaton tauraro yana zagaya wurin da ba komai, na san akwai abu. Daga gudunsa kuma nake sanin nauyin abin. Yadda kake gudun nan, mai nauyi ne."

Na buɗe baki, na tuna Littafi, na rufe. Mutanen Funtua ku rubuta ku ajiye, an yi ranar da aka yi wa Ishaya tambaya ya yi shiru.

"Ta sa ka rantse," in ji shi. "To kada ka ce komai."

Ya kwance wata 'yar takarda daga aljihun gaba. Tsakuwoyi ne ƙanana guda biyar.

"Daga cikin kantun nan na tsince su. Tun ina yaro ban taɓa tauna tsakuwa a riɗin Yaya ba, a kan ƙwaya ɗaya sai ta sa a sake tsinta daga farko. Hannunta ne ya yi wannan, na san ɗanɗanon. Hannun lafiyarsa lau." Ya cire tabarau ya dube ni. "Idon ne."

A ƙasar da ko yaya ka motsa kai ka ba da amsa, na sandare wuyana kamar taɓarya. Na kafa wa audugar mutumin nan ido.

"Da sauran gani?"

Ban motsa ba.

"Zai kai shekara uku?"

Ban motsa ba. Sai dai Yaya ta toshe baki, ta toshe takarda, ta toshe habaici, ta manta ba ta ce da ido ba. Ruwa ya yi ta zubo mini har gemu. Na ce masa yajin ƙasar nan ne, har yanzu bai sake ni ba. Ya ce i, shi ma yana damunsa.

Washegari ya shiga wajen Farfesa, ina hange ta taga. Tsohon ya daɗe yana karkaɗa kai, wannan karon ko Bitrus bai san fassarar ba. A ƙarshe ya ce zai riƙe gurbin zuwa lokacin ɗaga balan-balan na gaba, in ya wuce haka akwai masu jira. Takarda ta zauna kan tebur ba sa hannu. Kada wani ya ce muku abin bai yi masa ciwo ba. Har muka sauka Kano doguwar takardar nan mai tonon kaza tana kan cinyarsa.

Mun isa Dayi da azahar. Kafin mu kai gida rabin gari na biye da mu, ana shafa gemunsa ana tambayarsa ko ya iya waƙar bayan itace. Yaya na zaune tsakar gida. Da ta ji muryarsa a zaure sai ta juya kujerarta ta fuskanci bango.

"Ishaya, ka ci rantsuwa."

"Yaya, kawo Littafin in sake dafawa. Ko harafi ban ce ba."

Bitrus ya durƙusa bayanta. "Yaya, mun same ku lafiya?"

"Lafiya," ta ce wa bango. Sannan ta ce mini, "An ba baƙi ruwa?"

Shi ke nan. Kowa a Dayi ya ƙare wa yaron nan kallo, har jakin Tanko, ban da wadda aka yi abin dominta. Raina ya ɓaci. Bijimi ya tafi, gurbin yaro na lilo, ni na sha ɗaci na sha yaji na yi shirun da ya kusa kashe ni, ita kuma bango take kallo da ɗan ganin da ya rage mata.

Washegari da hantsi ta kira ni.

"Damina ta kusa, jinkan rumbun can ya lalace. Ka ce wa wancan, in karatu bai kashe masa hannu ba, ya hau ya gyara."

Jinkan nan ni na yi shi bara, ko ɗigo ba ya yi. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga inda rumbun yake, tsakiyar fili, rana ta haske shi tas ba inuwa ko ɗaya. Bitrus ya kafa tsani ya hau. Yaya ta jawo kujerarta ta ajiye daidai gabansa.

"In ba a sa ido ba ɓarna za a yi mini," in ji ta.

Ta zauna tana duban aiki. Da yake ɗan tsakiya ne ya rage mata, ba ta iya ganinsa gaba ɗaya, sai ta riƙa matsar da kai a hankali, daga fuska zuwa gemu, daga gemu zuwa kafaɗa, ta gangaro hannu, ta sake komawa fuska. Shi kuwa mai auna taurari, jinka yake yi kamar sheƙar ungulu. Da ya gama ya fara saukowa ta ce, "Ishaya, ka ce masa bai yi ba. Ya kwance ya sake."

Sau uku ya kwance ya sake a ranar.

Shekaranjiya da na baro Dayi yana kan rumbu na huɗu, tana zaune a gabansa tana ta faɗan an lalata mata ciyawa. Rumbu uku gare ta. Na huɗun na maƙwabta ne.